Harsashin farautar muus: wanne ya dace, kuma na kamfani ko ɗurin hannu?

A kakar shekarar 1946, wani Ba'amurke mai harkar manyan motocin ɗaukar kaya, John Nosler, ya shiga dajin Biritish Kolombiya da ke yammacin Kanada riƙe da bindigarsa .300 H&H Magnum. A zamanin, kaɗan ne cikin bindigogin farauta suka kai ta ƙarfi. Ya yi kiciɓis da wani ƙaton namijin muus, wato babbar barewar ƙasashen sanyi, da ya yi birgima a fadama, taɓo ya lulluɓe masa kafaɗa. Ya saita ya harba, dabba ba ta faɗi ba. Ya ƙara, shiru. Ashe ƙwayoyin harsashin tarwatsewa suke yi a kan kafaɗar, ba sa ratsawa su kai ga huhu. Da ya koma gida jihar Oregon sai ya zauna ya ƙera ƙwaya mai katanga a tsakiya: gabanta ya buɗe ya yi ɓarna, bayanta ya tsaya daram ya ci gaba da kutsawa. A 1948 ya fara sayar da ita da sunan Partition, kuma har gobe da ita ake gwada sauran.

Ƙarfi bai yi wa Nosler kaɗan ba. Gudun ne ma ya fi ƙarfin ƙwayar da ke hannunsa. Shi ya sa duk wanda ya tambaye ni harsashin da zai shiga dajin muus da shi, musamman 'yan uwanmu da zama ya kai su Kanada ko Suwidin ko Alaska, nake fara ce masa tambayar uku ce a dunƙule: wane girman harsashi, wace irin ƙwaya za a ɗora a kansa, sannan kafaɗar wa za ta ɗauki shurin bindigar. Mafi yawan gardamar maharba a kan ta farko take ƙarewa, alhali ta biyu da ta uku su ne ke kawo nama gida.

Dabbar da za a harba

Muus shi ne mafi girma a dangin barewar ƙasashen sanyi masu ƙaho mai rassa. Namijin Alaska da Yukon yakan haura kilo 600, tsayinsa a kafaɗa ya kai mita 2. Na Suwidin da Norwe da Finlan bai kai haka ba, babban namiji kan tsaya tsakanin kilo 400 zuwa 500. Sai dai girman nan yana ruɗar mutane. Muus ba shi da taurin rai irin na ɓauna. Zuciyarsa da huhunsa sun mamaye wuri mai faɗin babban faifai a bayan kafaɗa, kusan santimita 45, kuma duk ƙwayar da ta huda huhun biyu ta gama aiki. Abin da ya bambanta shi da ƙananan dabbobi shi ne jinkiri. Huhun da girma, jini yakan ɗauki lokaci kafin ya cika shi. Za ka harbe shi daidai, ya tsaya ƙyam kamar ba shi aka harba ba, ko ya juya a hankali ya yi tafiyar mita talatin ko hamsin kafin ya durƙusa.

Wannan 'yar tafiyar ita ce tashin hankalin maharbi, domin muus dabbar fadama ce da bakin tafki. In ya faɗi cikin ruwa mai sanyi ko ya nutse a taɓo, fiɗa da kwasar nama sai su zama aikin yini guda cur, kana tsaye cikin ruwa har gwiwa, ga cinya guda ta babban namijin Alaska da ta fi kilo 50. Don haka ƙa'idar tsofaffin maharba ita ce, muddin yana tsaye, ƙara masa. Bindigar da za ka iya sake saitawa da ita cikin hanzari ta fi wadda harbin farko zai ɗauke maka ido daga madubi.

Abin da doka ta ce

Kafin ra'ayin kowa, akwai na hukuma, kuma a wannan fanni mutanen arewacin Turai sun fi kowa tsari. Shekaru da dama dokar Suwidin ta tsaya a kan cewa ƙwayar harbin muus ta kai giram 9 da ƙarfin duka jul 2,700 a nisan mita 100, ko kuma giram 10 da jul 2,000, kuma dole ta zama mai buɗewa idan ta shiga jiki. Daga baya an gyara ta don a ba ƙwayoyin da ba na darma ba gurbi, saboda haka a duba ta bana kafin a sayi komai. Norwe ta ƙara da jarrabawa: duk shekara mai farautar manyan dabbobi sai ya yi harbin atisaye 30, sannan ya zuba harsashi 5 cikin da'ira mai faɗin santimita 30 daga mita 100. A Finlan harbi 4 ne daga mita 75 cikin da'irar santimita 23, shaidar kuma tana aiki shekara uku. Ka lura, ba ƙarfin bindiga suke jarrabawa ba, mai riƙe da ita suke jarrabawa.

Hukumar kifi da namun daji ta Alaska, inda muus ya fi na ko'ina girma, ita ma shawararta ke nan: wanda ke da .270 Winchester ko 7mm-08 ko .308 ko .30-06, kuma yana iya zuba harbinsa cikin da'irar inci 8 daga yadi 200 a zaune ko a durƙushe, bindigarsa ta ishe shi.

Ƙananan da suka fi ƙarfin rainin da ake musu

Harsashin 6.5x55 na sojan Suwidin da Norwe ne, an amince da shi a 1894. Da aka sayar wa farar hula tsofaffin bindigogin soja da araha, sai ya zama harsashin manoma da masu aikin katako, ya kashe muus da ba su ƙirguwa. A takarda ba ya burge kowa: ƙwaya mai giren 156, wato giram 10.1, tana fita da gudun kusan mita 780 a daƙiƙa, ƙarfinta a bakin bindiga bai wuce jul 3,100 ba. Sirrinsa yana cikin siffar ƙwayar. Siririya ce doguwa, nauyinta ya taru a bayan ɗan ƙaramin baki, ga gudu matsakaici da ba ya farfasa ta. Saboda haka takan ratsa ƙirji ta tsaya ƙarƙashin fatar ɗaya gefen, ko ta fice. Shurinsa kuma bai kai jul 20 ba, mace ko matashi ko dattijo duk suna iya harba shi ba tare da runtse ido ba.

Bayanan da aka tattara daga maharban yankin a kan dubban muus sun nuna abin da ya kamata ya kashe gardama: waɗanda aka harba da 6.5x55 da .308 da .30-06 duk tafiyar da suka yi kafin su faɗi tana tsakanin mita 40 zuwa 50. Sai dai a yi adalci. Muus ɗinsu ya fi na Alaska ƙanƙanta, yawanci daga ƙasa da mita 100 suke harbi, suna farauta a ƙungiya, kuma suna da karnuka irin su Jämthund da ke bin sawun wanda ya ji rauni. Wanda zai ɗauki 6.5 sai ya zama mai haƙuri, ya jira dabba ta ba shi gefe, ya bar harbin da zai bi ta tumbi ko ta ƙaton ƙashin kafaɗa.

Ɗan autan gidan, 6.5 Creedmoor, wanda Hornady ya fitar a 2007, aikinsu kusan ɗaya ne. Matsalarsa ita ce yawancin harsasan da ke cike da kantuna an yi su ne don harbin allo ko ƙananan barewa, da ƙwaya mai siririyar riga. In da shi za a je, a nemo masa ƙwaya mai tauri ta giren 140 ko fiye. Haka .270 Winchester na 1925: da giren 150 mai tauri yana aiki tsaf, amma giren 130 mai laushi da aka san shi da shi ba na muus ba ne.

Tsaka-tsakin da ba ya ba da kunya

A nan zan ɗan daɗe, domin nan ne mafi yawan masu karatu ya kamata su tsaya. .30-06 Springfield ya fito a 1906, .308 Winchester a 1952. Faɗin ƙwayarsu ɗaya ne, bambancin a kwanso yake: na .30-06 ya fi tsawo da kusan milimita 12, ya fi cin albarushi. Da ƙwaya mai giren 180, wato giram 11.7, harsashin kamfani na .308 yana gudun kusan mita 800 a daƙiƙa da jul 3,700, na .30-06 kuma mita 820 da ɗoriya da jul 3,950. Babu muus ɗin da zai iya gaya maka wanne ya same shi.

To a ina suka rabu? .308 yana shiga gajeriyar bindiga mara nauyi, wadda ba ta sarƙewa a kurmi ko a cikin kwalekwale. Shurinsa ya ɗan fi sauƙi, ba ya yin asarar gudu sosai idan an gajarta bututu don ɗaura na'urar rage ƙara, wadda ta zama ruwan dare a Finlan da Norwe da Suwidin amma haramun ce a Kanada. Harsashin atisayensa ma ya fi araha. Shi kuwa .30-06 fifikonsa yana bayyana ne idan ƙwaya ta yi nauyi. Giren 200 ko 220 sukan cinye wa .308 gurbin albarushi, amma .30-06 yana tura su ba wahala, kuma giren 200 mai tauri daga .30-06 yana kutsawa ta kusurwar da ƙananan ba za su iya ba. Shurinsa, kusan jul 27 a bindiga mai kilo 3.6, shi ne iyakar abin da yawancin mutane ke jurewa ba tare da sun fara tsoron kunama ba. In mutum bindiga ɗaya zai saya, kuma yana tunanin wata rana zai je Yukon ko Alaska, ni .30-06 zan ce masa. In farautarsa a kurmin Kebek ko Ontariyo ko Finlan za ta tsaya, .308 ya wadatar.

Kada a manta da tsohon nan .303 British. Shi ne harsashin bindigar Lee-Enfield da kakanninmu suka riƙe a yaƙin Bama, kuma dakarun sa-kai na arewacin Kanada sun yi ta amfani da ita tun 1947 har zuwa 'yan shekarun nan da aka sauya musu da wata mai cin .308. Giren 180 a gudun mita 750 yana ƙasa da .308 kaɗan, amma a tsibirin Niyufanlan, inda aka shigo da muus huɗu a 1904 suka hayayyafa har suka haura dubu ɗari, gidaje da yawa da shi suka ci nama shekara da shekaru. Wanda ya gaji irinta mai lafiyayyen bututu, ba sai ya sayi sabuwa ba.

Manyan masu ƙara

7mm Remington Magnum na 1962 da .300 Winchester Magnum na 1963 an yi su ne don nisa. .300 yana tura giren 180 a kusan mita 900 a daƙiƙa, jul 4,700. A fili irin na tsaunukan Yukon ko tundurar Alaska, inda za ka hango dabba a tsallaken kwari babu hanyar matsawa, wannan gudun yana da amfani: iska ba ta kaɗa ƙwayar sosai, kuma takan isa da sauran gudun da zai buɗe ta. Amma a auna ribar da kyau. In an saita duka biyun a mita 200, bambancin faɗuwar .300 da .30-06 a mita 300 bai kai faɗin tafin hannu ba, a jikin dabbar da makasarta ta kai santimita 45. Kuɗin wannan 'yar riba shi ne bindiga mai tsawo da nauyi, ƙara mai kashe kunne, shuri na kusan jul 35, da harsashi mai tsada wanda zai sa ka rage atisaye. Kuma idan muus ya amsa kiran maharbi mai kwaikwayon kukan muus a ƙarshen Satumba ya ɓullo maka a mita 30, irin gudun nan ne ya kunyata Nosler. Magnum ba ya yafe wa ƙwaya mai laushi.

.338 Winchester Magnum daban yake. Ya fito a 1958 a cikin bindigar da Winchester ya raɗa wa suna Alaskan, kuma sunan ya faɗi gaskiya. Giren 250 a gudun mita 810, jul 5,300. Dalilin ɗaukarsa ba muus ba ne, beyar girizili ce da ƙanshin jini kan jawo wurin fiɗa. Wanda zai yi kwana biyu yana jigilar nama a bayansa a ƙasar beyar yana da hujjar riƙe .338. Sharaɗi ɗaya ne: ya tabbata yana iya harba shi. Jul 45 a kafaɗa ba wasa ba ne, kuma jagororin farauta sun fi fargabar baƙon da ya zo da sabuwar magnum da yake tsoro a kan wanda ya zo da tsohuwar .308 da ta koɗe a hannunsa.

Akwai wata hanyar samun ƙarfi ba ta gudu ba, kuma ita ce ta fi kwanta mini a rai ga farautar kurmi. Otto Bock, maƙerin bindiga a Balin, ya tsara 9.3x62 a 1905 domin Jamusawan da ke zaune a yankunan da suka mallaka a Afirka, irin su Kamaru da Tanganyika. Yana tura ƙwaya mai giren 286, giram 18.5, a mita 720 kacal, amma jul 4,800. Rami mai faɗi, jini a ƙasa da za a iya bi, nama kuma ba ya dagargajewa. Shurinsa da nauyi amma turi ne, ba mari ba. Masu bin kare a Suwidin da Finlan, waɗanda kan harbi muus a tsaye cikin duhuwa daga kusa, suna son sa ƙwarai. Rauninsa nisa ne, domin a mita 300 yakan faɗi kusan santimita 40 ko fiye. Takwaransa na Amurka shi ne .35 Whelen. Shi kuwa .45-70 na 1873, a gajeriyar bindigar Marlin, gwani ne ƙasa da mita 120, bayan nan sai a bar shi.

Ƙwayar ita ce ke taɓa dabba

Iri huɗu ne a kasuwa. Na farko shi ne na gargajiya, darma cikin rigar jan ƙarfe ba tare da an manne su ba, kamar Remington Core-Lokt da Hornady InterLock. A gudu matsakaici, kuma da nauyi, suna aiki lafiya lau. Giren 180 daga .308 ko .303 bai cika ba da matsala ba. A magnum daga kusa ne rigar kan rabu da darmar.

Na biyu masu katanga, Partition da Swift A-Frame. Partition yakan zubar da kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa a gaba, sauran ya wuce. Yana buɗewa ko gudu ya ragu, yana kutsawa ko gudu ya yi yawa, shi ya sa har yanzu ba a ture shi ba. Na uku waɗanda aka narka darmar ta manne da rigar, irin su Norma Oryx da Nosler AccuBond. Sukan riƙe mafi yawan nauyinsu, su buɗe da faɗi. Oryx mai giren 156 a 6.5x55 da mai 180 a .30-06 sun zama abincin yau da kullum a dazukan Suwidin.

Na huɗu jan ƙarfe zalla, kamar Barnes TSX da Lapua Naturalis. Kusan ba sa asarar komai, kuma sun fi kowa ratsawa, har ana iya sauka mataki ɗaya a nauyi, a ɗauki giren 165 a maimakon 180. Suna da buƙata guda: gudu. Idan gudun ya sauka ƙasa da kusan mita 600 a daƙiƙa lokacin da ƙwayar ta isa, buɗewarta kan ragu ƙwarai. Babbar hujjarsu ita ce tukunya. Ƙwayar darma tana watsa ɓarɓashi da ido ba ya gani a cikin nama, har hukumar abinci ta Suwidin ta ba da shawarar a yanke a zubar da aƙalla santimita 10 kewaye da inda raunin ya bi. Muus guda nama ne na shekara ga iyali, yara da masu ciki za su ci. Wannan kaɗai ya isa ya sa mai iyali ya karkata ga jan ƙarfe, in bindigarsa ta karɓe shi.

Ƙwayoyin gasar harbin allo kuwa, komai daidaitonsu, a bar su a filin gasa. An umarce mu da kyautatawa ko a wajen yanka, kuma barin dabba mai kilo 500 ta shige daji da karyayyar kafaɗa ba kyautatawa ba ne.

Na kamfani ko ɗurin hannu

A da can, wanda ke son ƙwaya mai kyau kusan dole ya ɗura harsashinsa da kansa. Yau Norma da Lapua da Sako da Federal suna sayar da harsasai da waɗannan ƙwayoyin a kansu. Mai .308 ko .30-06 da ke harba kwali biyu ko uku a shekara ba zai taɓa mayar da kuɗin injin matsa kwanso da sikeli da sauran tarkace ba. Ya sayi iri uku, ya gwada, ya ga wanda bindigarsa ta fi so, ya sayi kwalaye da yawa masu lambar ɗuri ɗaya.

Ɗurin hannu, a inda doka ta yarda da shi, yana da riba a wuri uku. Na farko tsofaffin harsasai. Kamfanonin Amurka kan sassauta wa 6.5x55 saboda tsofaffin bindigogin Krag da Mauser na ƙarni na 19 da har yanzu ke hannun mutane, haka ma .45-70. Mai sabuwar Tikka ko Sako yana iya bin jadawalin da aka wallafa don bindigogin zamani ya samu abin da harsashin zai iya bayarwa. Na biyu harsasan da ke da wuyar samu ko tsada, irin su 9.3x62 a Kanada ko .35 Whelen a Turai. Na uku, wanda ya fi duka, atisaye. Mai ɗuri yana iya yin harsashi mai arha da ƙwaya ta gama-gari mai nauyi ɗaya da ta farautarsa, ya harba ɗaruruwa a bazara a tsaye da a durƙushe, ya adana masu tsadar don kaka.

Abin da ɗurin hannu ba ya bayarwa shi ne mayar da .308 ya zama .300. Duk wanda ya shiga harkar don neman ƙarin gudu ya kama hanyar asibiti. Maharbin bindigar toka a gida yakan auna albarushinsa da ido ko da ɗan ma'auni a tafin hannu, amma albarushin zamani mara hayaƙi wani abu ne daban. Matsin da yake haifarwa a .308 ya kai 4,150 a ma'aunin matsi na bar bisa ƙa'idar hukumar CIP ta Turai, kuma giren guda, wanda bai kai kashi ɗaya cikin goma sha biyar na giram ba, yana iya tsallakar da kai iyaka. Ana bin littafin kamfanin albarushi ko na ƙwaya ne, na wannan albarushin da wannan ƙwayar takamaimai. A fara daga mafi ƙarancin awo, a hau a hankali. Sakatar bindiga ta fara yin tauri wajen buɗewa, ko gindin kwanso ya fito da tabo mai sheƙi, ko faraima, wato ɗan maɓallin gindin kwanso da ke tayar da wuta, ta baje, to a tsaya a koma baya. Na'urar auna gudu ta fi duk waɗannan alamun gaskiya: in gudunka ya wuce na littafi, matsinka ma ya wuce. Gwangwanin albarushi ɗaya tak a kan tebur, kuma ba a ɗaukar awon wani daga baki.

Farautar muus tana da nata sharuɗɗan a kan mai ɗuri. Sanyi na farko. Kai ka gwada harsashinka a Yuli, za ka harba shi a Oktoba ko Nuwamba cikin ƙanƙara, kuma wasu albarusan gudunsu kan sauka da sanyi. Shi ya sa ake son irin su Varget da H4350 na Hodgdon ko Reloder 16, da aka yi su don jure sauyin yanayi, ko da yake N140 da N150 da N160 na Vihtavuori, 'yan Finlan, sun daɗe suna aiki a ƙasar sanyi. Ko wanne ne, a sake gwada shi a sanyi kafin ranar fita.

Sai shiga da fita. Masu gasa kan matse wuyan kwanso kaɗai, su zaunar da ƙwaya har ta taɓa zanen cikin bututu. A daji wannan ganganci ne. Ka buɗe sakata don sauke bindiga, ƙwaya ta maƙale a bututu, albarushi ya zube cikin magazin, farautar ranar ta ƙare. A matse kwanson gaba ɗayansa, a yi amfani da sabo ko wanda aka harba sau ɗaya, a bar wa ƙwaya tazara. Barnes ma shawararsu ita ce a fara da tazarar kusan milimita 1.3 ga ƙwayoyinsu na jan ƙarfe, waɗanda sun fi na darma tsawo, suna kuma buƙatar nasu jadawalin. Bayan an gama, a wurin da ya halatta kuma baki na kallon inda babu haɗari, a bi da kowane harsashi ta magazin zuwa makwancinsa a fitar. Wanda ya yi gardama ko kaɗan, a ware shi don atisaye. Kuma kada a ɓata wata biyu ana neman harbi uku su shiga rami ɗaya. Harsashin da ke taruwa cikin santimita 4 a mita 100, yana shiga lami lafiya kowane lokaci, ya fi mai santimita 1 da ke cijewa.

Wanda zai hau jirgi kuma yana da ƙarin lissafi. Kamfanonin jiragen sama kilo 5 na harsashi suke yarda da shi, a cikin kwalin da ya raba kowane da ɗan uwansa, kuma jaka takan yi ɓatan kai. Baƙon da ba ɗan Amurka ba dole ya ɗauki jagora mai lasisi a Alaska, haka baƙon da ba ɗan Kanada ba a Biritish Kolombiya da Niyufanlan, kuɗi ne masu yawa da ba a so su salwanta saboda akwati ɗaya. A ƙaramin kantin ƙauyen da jirgin daji zai tashi daga shi, za ka samu .30-06 da .308 da .300 Winchester Magnum, wataƙila da .338 ko .303. Da wuya ka samu 9.3x62. Saboda haka ko ɗurin hannunka za ka tafi da shi, tun a gida ka harba wani sanannen harsashin kamfani mai nauyi ɗaya da naka, ka rubuta a takarda santimita nawa ya kauce sama ko gefe a mita 100, ka manna takardar a cikin akwatin bindigar.